Jirgin sama ba zagaye yake yi ba

Mutane da yawa idan suka ga a allon bayan kujera cewa jirgin da ya tashi daga New York zuwa Tokyo ya lanƙwasa ta Kanada da Alaska, sai su ɗauka matuƙin zagaye yake yi, ko gudun teku. Ba haka ba ne. Wannan lanƙwasar ita ce hanya mafi kusa.

Taswira ce ke ruɗar ido. Duniya mulmulalliya ce, taswira kuwa a shimfiɗe take. Tsarin zanen taswirar duniya da wani masanin taswira mai suna Mercator ya fitar a 1569 yana kumbura yankunan can ƙuryar arewa, har Girinland, wani babban tsibiri da ke can, ta yi kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Ka sami ƙwallon taswirar duniya, ka ja zare tsakanin biranen biyu ya yi tsauri, za ka ga da kansa ya hau ta Alaska, kimanin kilomita 10,800.

Iska ma tana da nata tasirin. Dawowa daga Tokyo ta fi sauri, domin akwai iska mai ƙarfi a sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas tana tura jirgin.