Mene ne "zuƙi-ta-malle"?

Ka ce wa mutum "ƙarya kake", faɗa ya kusa. Ka ce masa "wannan ai zuƙi-ta-malle ce", sau da yawa har da shi za a yi dariyar. Duka biyun na nufin abin da ya faɗa bai faru ba, amma zuƙi-ta-malle ƙarya ce da ta yi girman da ba ta ɓoyuwa. Ita ce ta masuncin da kifinsa ke ƙara tsawo duk lokacin da ya maimaita labarin. Ita ce ta wanda duk babban mutumin da aka ambata sai ya ce ajinsu ɗaya a makaranta, ko da an girme shi da shekara 20. Irin wannan ba faɗarta kawai ake yi ba. Shirga ta ake yi, ko a sharara ta, ko a kantara ta.

Ta sha bamban da 'yan ƙarairayin neman mafita, irin su "ga ni nan a hanya" alhali ko takalmi ba a sa ba, ko "ban ga kiranka ba". Mai waɗannan so yake a yarda a ƙyale shi. Ba kuma shaci-faɗi ba ce, don mai shaci-faɗi magana yake ba da sani ba, wataƙila ma ya dace. Mai zuƙi-ta-malle ya san sarai babu abin, kunnuwan jama'a yake nema. A kafafen labarai kalmar ta ƙara nauyi, inda za ka ji kakakin hukuma ya kira rahoto zuƙi-ta-malle idan yana musanta shi.

A Ingila har gasa ake yi mata. An saba taruwa a watan Nuwamba a ƙauyen Santon Bridge da ke yankin Cumbria, a ba kowa minti 5 ya shirga wadda ta fi ta kowa. 'Yan siyasa da lauyoyi ba a barinsu su shiga, wai ƙwarewarsu ta yi yawa. Ana yin gasar ne don tunawa da Will Ritson, wani mai masaukin baƙi da ya rasu a 1890, wanda ya riƙa gaya wa baƙinsa cewa wata saiwa da ake nomawa a kwarinsu girmanta ya kai a rarake cikinta a ci, sannan a mayar da ɓawon garken tumaki.

Abin da ke sa a yi dariya a irin wannan zama shi ne kowa ya san wasa ake. Kuma kowace majalisa ta san gwaninta, binciken masana ma ya nuna cewa masu yawan ƙarya tsiraru ne. A wani bincike da aka wallafa a 2010, Kim Serota da Timothy Levine da Franklin Boster sun tambayi Amurkawa 1,000 ƙarya nawa suka yi cikin awa 24. Kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce ko ɗaya, kusan rabin ƙarairayin kuma daga kashi 5 kacal na mutanen suka fito. Da wuya a daɗe ana zama da irin waɗannan ba a gane su ba.

Duk da haka ni ban ɗauke ta abu mai sauƙi ba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya. Ga shi kuma ba mu iya gane maƙaryaci kamar yadda muke zato ba: nazarin Charles Bond da Bella DePaulo na 2006 ya gano mutane na dacewa ne kashi 54 cikin ɗari kawai, ƙiris ya raba su da canki-canka. Da zarar labarin ya bar bakin mai shi ya shiga WhatsApp, babu murmushin da ke tona shi, babu wanda zai ce "kai dai wane, ba ka gajiya". Tun kafin wayar hannu ma an ga haka. Ranar 1 ga Afrilun 1957 BBC, da sunan wasa, ta nuna manoma a Suwizalan suna tsinkar taliya daga bishiya, da muryar mai gabatarwar da jama'a suka amince da shi, sai ga mutane da dama suna bugo waya suna tambayar yadda za su shuka tasu.