Mene ne "ƙawancen zakuna" da masu bibiyar namun daji ke yawan faɗa?

In kana kallon bidiyon gandun daji a YouTube ko Facebook za ka ji ana ta cewa kowalishin kaza ta ƙwace yanki, kowalishin kaza ta rushe, kamar ana labarin siyasa. To abin da ake nufi shi ne ƙawancen zakuna maza, wato maza biyu ko uku ko sama da haka da suka haɗa kai suna yawo tare, suna faɗa tare, suna riƙe yanki ɗaya. Ba garke ba ne fa, nan mutane ke ruɗewa.

Garke na mata ne. Zakanya da uwarta da 'yan uwanta mata da 'ya'yansu, su ne masu gida, galibi inda aka haife su nan suke mutuwa. Namiji kuwa da ya kai shekara biyu zuwa huɗu, gezarsa ta fara fitowa, sai a kore shi. Daga nan ya zama ɗan yawo, ba yanki ba mata, ga yunwa ga manyan zakuna da za su kashe shi in suka gan shi a ƙasarsu. Shi ya sa 'yan uwan da aka kora lokaci ɗaya suke manne wa juna, wanda kuma ya fito shi kaɗai sai ya nemi wani ɗan yawon irinsa su haɗu ko da ba jini ɗaya ba. Binciken da aka daɗe ana yi a Serengeti ta Tanzaniya, wanda George Schaller ya fara a 1966, Craig Packer ya ci gaba daga baya, ya nuna ƙawancen biyu ko uku sau da yawa ba 'yan uwa ba ne, amma in suka kai huɗu zuwa sama kusan kullum dangi ne. Dalilin a fili yake, in kuna da yawa ba kowa ke samun mace ba, to wanda bai samu ba gara a ce ɗan uwansa ne ya haifa.

Wurin da abin ke da zafi shi ne ranar ƙwace garke. Sabbin maza in suka kori tsofaffi, abin da suke fara yi shi ne kashe ƙananan 'ya'yan da suka tarar, don zakanya mai shayarwa ba ta karɓar namiji, amma da 'ya'yan suka mutu ba da daɗewa ba za ta sake karɓar namiji. Wallahi abin ba daɗin kallo, ni dai har yanzu ba na iya kallon irin bidiyon nan har ƙarshe. Amma su ma lokaci ne ke korarsu, mulkin ƙawance yawanci shekara biyu zuwa huɗu ne kawai, ciki kwana wajen 110, ɗa kuma sai ya kusa shekara biyu kafin ya tsira da kansa. Ka ga ke nan in mulki bai yi tsawo ba, duk haihuwar ta tashi a banza.

Ƙawancen da ya fi suna shi ne Mapogo a gandun Sabi Sand na Afirka ta Kudu, maza shida da suka mamaye yankin daga wajen 2006, babbansu Makhulu. A 2010 ƙawancen Majingilane suka kashe ɗaya daga cikinsu, Kinky Tail, a 2012 kuma ƙawancen Selati suka kashe wani, Mr T, shi ke nan labarinsu ya ƙare. A Maasai Mara ta Kenya akwai Notch da ya yi mulki tare da 'ya'yansa biyar, abin da ba a cika gani ba, sai Scarface mai tabo a ido da 'yan uwansa uku, wanda ya mutu a 2021 yana da shekara 14, tsufa sosai ga zakin daji.

Wani zai ce ta yaya ake gane wannan Makhulu ne ba wani ba? Ɗigon da ke gindin gashin bakinsu ake dubawa, kowane zaki da tsarin nasa kuma ba ya canzawa har ya mutu, sai a haɗa da yagewar kunne da tabon fuska. Masu bin sawu na fita da asuba su karanta sawu a kan yashi, su saurari ruri, don rurin zaki na kaiwa kilomita 8. Wasu zakunan kuma an sa musu abin wuya mai GPS, masu bincike na ganin motsinsu a kwamfuta.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane na ɗaukar wannan kamar wasan ƙwallo, kowa da ƙungiyarsa. Alhali sanin ƙawance shi ne sanin abin da harsashi ɗaya ke jawowa. In maharbi ya kashe namiji ɗaya cikin biyu, ko makiyayi ya sa guba don haushin shanunsa, wanda ya rage da wuya ya iya riƙe garke shi kaɗai, baƙi su shigo, 'ya'ya su tafi. Shi ya sa da wani likitan haƙori ɗan Amurka ya kashe Cecil a gefen gandun Hwange na Zimbabwe a Yulin 2015, zakin da masu binciken Jami'ar Oxford suka sa wa abin wuya, tambayar farko da masana suka yi ita ce ina Jericho, abokin ƙawancensa, wanda ba ma ɗan uwansa ba ne. Jericho ya ci gaba da zama a yankin har ya mutu a 2016.