Dokar hana ƙona bola: ba a kan murhun girki aka yi ta ba

Tun da hunturu ya kama, wani saƙo ke yawo a WhatsApp cewa an kafa sabuwar doka, duk gidan da aka ga hayaƙi na tashi za a ci shi tara. Har wata maƙwabciyata a Tudun Wadan Zariya, mai tuyar ƙosai, ta tare ni tana cewa, "Malam, yanzu mu ma kama mu za a yi?"

Hankalinki ya kwanta, Iya. Dokar ba sabuwa ba ce. A 2007 aka kafa hukumar NESREA ta tarayya mai kula da muhalli, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idar hana ƙona daji da cinna wuta a fili barkatai. Abin da ta sa a gaba shi ne mai banka wa daji wuta don farautar gafiya, da mai cinna wa tsibin shara wuta, da mai ƙona taya. Manomin da ke son ƙona gona ana buƙatar ya nemi izini tukuna. Mai girki da mai tsire ba su ne abin nufi ba.

Inda aka fi ruɗa mutane shi ne tara. Gaskiya ne sashe na 20 na dokar 2007 da ta kafa NESREA ya ambaci naira 200,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun, ga wanda ya karya ƙa'idojin tsabtar iska. Amma wannan hukunci sai an gurfanar da mutum a kotu, an tabbatar da laifinsa, alƙali ya yanke. Don haka duk wanda ya tsaya a ƙofar gidanka ya ce ka ba shi kuɗi a hannu a kashe magana, ba aikin doka yake ba. Ka nemi ganin katin shaidarsa da takardar da ta turo shi. A jihar Kaduna ma hukumar KEPA ce ta fi kusa da mu a harkar muhalli.

Kada kuma a ɗauka dokar banza ce. Ka bi ta Kwangila ko Sabon Gari da almuru a wannan lokaci, ka ga yadda hayaƙin leda ke haɗuwa da hazo ya tsaya ƙasa-ƙasa, daidai hancin yara. Masu asma da tsofaffi su suka san zafinsa. Babbakar ganda da taya kuwa ta fi muni, don gubar har cikin tukunya take binmu.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Mutumin da ke lungu a cikin Birni, wanda motar shara ba ta taɓa shiga unguwarsu ba, ina ake so ya kai bolarsa? Ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su ke da alhakin kwashe shara. Su fara ajiye mazubi a unguwanni, suna kwashewa a kan kari, kafin a kai talaka gaban alƙali.