Harbin kibiya da farauta da baka ga mai ƙaramin ƙarfi

Harbin kibiya fasaha ce ta jan tsirkiyar baka a saki kibiya zuwa ga abin bara. A yau ana yin sa a matsayin wasa da kuma hanyar farauta. Ya shiga gasar Olamfik a Faris a 1900, aka cire shi bayan 1920, ya dawo a Munik a 1972. A gasar Olamfik ta yau ana harbi ne daga nisan mita 70 zuwa allo mai faɗin santimita 122. Mai koyo ba ya bukatar irin kayan waɗancan 'yan wasa.

Bakunan zamani iri uku ne: dogon baka, da mai lanƙwasassun kai, da mai 'yan tayoyi a ƙarshensa. Na ukun Ba'amurke Holless Wilbur Allen ya ƙirƙira shi, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1969. Tayoyinsa na rage kaso mai yawa na nauyin ja da zarar tsirkiya ta iso fuska, sai dai yana da tsada, kuma gyaransa na bukatar na'urar matse baka. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya fi cin riba da baka mai lanƙwasassun kai wanda ake warwarewa gida uku, wato mariƙi da rassa biyu. In hannu ya yi ƙwari, rassan kawai za a sauya.

Nauyin ja shi ne inda sababbi suka fi asarar kuɗi. Da laba ake auna shi, kowace laba kusan gram 454, kuma adadin da ke rubuce a jikin baka na ja ne na inci 28. Babban mutum yakan fara da laba 20 zuwa 25. Mai sayen na laba 50 don gudun saye sau biyu yakan ƙare da kafaɗa mai ciwo da hannu mai rawa, ga mummunar tsayuwa da ke wuyar gyara. Tsawon jan mutum kuwa ana ƙiyasta shi ta buɗe hannuwa, a auna daga yatsa zuwa yatsa, a raba da 2.5.

Kibiya ba wurin tsimi ba ce. Dole taurin sandarta ya dace da nauyin bakan da tsawon jan maharbi, in ba haka ba za ta riƙa karkacewa komai kyan saiti. Guda shida iri ɗaya sun isa farawa. Ta kabon tana jure wahala, amma a riƙa lanƙwasa ta kaɗan ana saurara, domin mai tsaga kan fashe a hannu. Sauran kaya ba su da tsada: fatar kare yatsu, makarin damtse, igiyar ɗaura tsirkiya da kwari.

Baka na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, yana rage kashe kuɗi, muddin an duba rassansa babu tsaga ko murɗewa. Sakin tsirkiya babu kibiya kan lalata baka nan take, don ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya yana komawa cikin rassa.

Farauta mataki ne na gaba. Tana bukatar kan kibiya mai kaifi kamar aska, da baka mai ƙarfin ratsa huhu da zuciyar dabba. Yawancin harbin na faruwa ne ƙasa da mita 30, don haka sanɗa da lura da iska sun fi tsadar kaya muhimmanci. Dokoki sun bambanta: jihohin Amurka da dama sun ƙayyade mafi ƙarancin nauyin ja da lokacin farauta tare da lasisi, yayin da a Birtaniya dokar namun daji ta 1981 ta haramta kashe dabbar daji da baka.