Koktel: ganye da 'ya'yan itace ba sa cire maye

Kalmar koktel ta shigo mana karkara ta ƙofar biki. A da idan an ɗaura aure a ƙauyukan Kano da Jigawa, abin da ake rabawa zoɓo ne da kunun aya da lemon kwalba. Yanzu 'yan mata masu koyon girki a waya suna cewa za su haɗa wa amarya koktel, mai markaɗa kankana da abarba a bakin tasha ya rubuta kalmar a allonsa, masu tallar lemo a rediyo kuma sun riƙe ta kamar da ita aka haife su. Har na ji mai gabatar da shiri yana kiran zoɓo mai citta da kanumfari "koktel ɗin gargajiya". Wannan bai tayar mini da hankali ba sosai. Abin da ya dame ni shi ne amsar da ake bayarwa idan wani ya nuna shakka: "Ai na ganye ne, da 'ya'yan itace aka yi shi." Ana faɗar haka kamar ganye shaida ce ta cewa babu giya a ciki, alhali a wajen masu kalmar, ganye da ɗan itace su ne abokan tafiyar giyar tun da daɗewa.

Bayani mafi daɗewa da aka sani a rubuce kan ma'anar koktel ya fito ne a ranar 13 ga Mayu, 1806, a wata jarida ta garin Hudson da ke jihar New York a Amurka. Wani mai karatu ya tambayi editan, Harry Croswell, mene ne wannan abu, shi kuma ya amsa da cewa abin sha ne mai motsa jiki da ake haɗawa da abubuwa huɗu: barasa mai ƙarfi kowace iri, sukari, ruwa, da bitas, wato tsimin saiwoyi da ɓawon itace masu ɗaci. Ya ƙara da cewa abin yana da amfani ga ɗan takara a lokacin zaɓe, domin wanda ya haɗiye kofi ɗaya zai iya haɗiye duk maganar da aka faɗa masa. Duk wanda ya ga abin da ake ɗura wa 'yan jagaliya a lokacin kamfe ya san editan bai yi ƙarya ba. Amma abin lura a nan shi ne jerin nan na huɗu. Barasa ce ta farko. Ruwan 'ya'yan itace bai ma shiga lissafin ba, daga baya ya shigo.

Ɗauki wanda ake yi da wuski da na'a-na'a, irin wanda ya cika bidiyoyin koyon haɗin abin sha. Ana zuba ganyen na'a-na'a a kofi da yankan lemon tsami da sukarin da aka narkar, a daddanna su har ƙamshin ya fito, wani ya ƙara mangwaro ko wani ɗan itace mai zaƙi, sannan a zuba wuski kamar mililita 60, a cika da ƙanƙara a girgiza. Idan aka ajiye maka shi ba za ka bambanta shi da lemon da ake sayarwa a leda lokacin azumi ba. To ga lissafin. Wuski ba ya gaza kashi 40 cikin ɗari na sinadarin maye, don haka mililita 60 na ɗauke da mililita 24 na zallar sinadarin. Babbar kwalbar giya mai mililita 600, wadda ƙarfinta ke kusan kashi 5, tana ɗauke da mililita 30. Ke nan ƙaramin kofin nan mai ƙamshin na'a-na'a ya kusa kamo babbar kwalba. Ƙanƙara da ruwan lemo suna sirka shi ne kawai, abin da aka zuba yana nan bai ragu ba. Aikin sukari da ganye shi ne su ɓoye zafin wuskin a maƙogwaro, kuma wannan ne ya sa wanda bai saba ba yake shan fiye da abin da zai iya da a ce tsurarsa aka ba shi.

Shi kansa wuski da hatsi ake yin sa: sha'ir a Sikotlan, masara mafi yawa a Amurka. Matakin farko bai da nisa da yadda ake burkutu da dawa, a tsiro da hatsi, a dafa, a bar shi ya yi tsami. Bambancin yana mataki na biyu, inda ake sake dafa giyar a tara tururinta. Sinadarin maye yana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, saboda haka shi ne ke fara tashi, a sanyaya shi ya koma ruwa mai ƙarfi ninkin na farko sau da yawa. Daga nan a zuba a gangar katako ya kwana shekaru. Dokar Sikotlan ta ce aƙalla uku.

Yanzu mu koma kan bitas, domin a nan ne maganar ta bar Amurka ta iso shagon ƙauyenmu.

A 1824 wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert, wanda ke aiki da sojojin Simon Bolivar, jagoran yaƙin neman 'yancin yankin, a garin Angostura na ƙasar Venezuela, ya haɗa wani tsimi na saiwoyi da kayan ƙamshi don maganin ciwon ciki da rashin cin abinci. Ba a ruwa ya jiƙa su ba, a barasa ya jiƙa, saboda barasa ta fi ruwa iya tsotso ɗaci da ƙamshi daga saiwa, kuma tana hana tsimi lalacewa. Matuƙan jiragen ruwa suka riƙa saye suna tafiya da shi, daga baya iyalinsa suka mayar da sana'ar tsibirin Trinidad, inda ake yin sa har yau. Ƙarfin barasar da ke cikin wannan ƙaramar kwalba kashi 44.7 ne, ya ɗara na yawancin wuski. Abin da ya fara a matsayin magani ya koma kayan haɗin mashaya, ana ɗiga shi a kofi don ƙamshi. Sunan magani dai bai taɓa rabuwa da shi ba, kuma wannan sunan ne yake buɗe masa ƙofofin da giya ba za ta iya shiga ba.

Ƙofa ta farko ita ce Chapman, jan lemon nan mai yankan kokwamba da ake rabawa a manyan bukukuwan birni, wanda yanzu ya fara isowa garuruwanmu. Kowa ya ɗauke shi lemo marar giya, kuma yawancinsa lemon kwalba ne da ruwan zaƙi mai ja. Amma a haɗinsa da aka saba akwai 'yan ɗigo na wannan bitas ɗin. Ɗigo uku ko huɗu a babban kofi ba sa bugar da kowa, kuma malamai suna da bayani kan ɗan abin da ya narke ya ɓace a cikin abu mai yawa. Wannan fagensu ne, su za a tambaya. Abin da nake cewa shi ne mai sha yana da haƙƙin ya sani kafin ya kai baki. Da yawa daga masu haɗa shi a Kano ba sa sa bitas ɗin sam, wasu kuma suna sa wa ba tare da sun taɓa juya kwalbar sun karanta abin da ke jikinta ba. Babu rashin kunya idan ka ce wa mai rabo, "Hajiya, don Allah an ɗiga bitas a ciki?"

Ƙofa ta biyu ta fi muni, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. A tashoshin mota da kasuwannin mako, da shagunan bakin titi, akwai ƙananan ledoji da kwalaben roba masu hoton ganye da saiwa, ana sayar da su da sunan maganin basir, maganin ciwon baya, maganin sanyi, ko na ƙarfin maza. Wasunsu magani ne na ruwa zalla. Wasu kuwa barasa ce mai ƙarfin kashi 30 ko 40 da aka jiƙa wa ɗaci, aka ɗan sa zaƙi. Ka duba jerin editan nan na 1806: barasa, sukari, ruwa, ɗaci. Abin da ke cikin ledar shi ne koktel na asali, sai dai babu mai kiran sa da sunan. Ɗan acaɓa ko lebura mai noman rani da ya wuni a sunkuye cikin fadama zai sha ya ji bayansa ya saki, jikinsa ya yi ɗumi, ya ce maganin yana aiki. Gobe ya sake saya. Mutumin da ko da wasa ba zai taka ƙafarsa gidan giya ba, ga shi yana shan ta kullum da yamma, da bisimillarsa. Mun saba da cewa ɗaci alamar magani ne, domin da maɗaci da shuwaka da tazargade aka rene mu, kuma wannan yardar da muka yi wa ɗaci ita ake amfani da ita a kanmu.

Hukumar NAFDAC ta san da matsalar. A 2018 aka cimma yarjejeniya da masu kamfanoni cewa za a daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba cikin shekara biyar, saboda arharsu da sauƙin ɓoye su sun sa yara na samu. A farkon 2024 hukumar ta fara aiwatar da haramcin, masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca a kanta, aka yi ta ja-in-ja. A Kano kuma Hisbah tana farfasa kwalaben giya a bainar jama'a. Amma kwalbar giya kowa ya san kamanninta. Leda mai hoton ganye, wadda aka rubuta ƙarfin barasarta da ƙananan haruffan Turanci a can gefe, ita ce ke wucewa ta gaban kowa.

A addini maganar ba ta da duhu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Da Ɗariƙu ɗan Suwaidu ya ce masa yana yin giya ne don magani, sai ya amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Wannan hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Ya kuma ba da labarin cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiran ta da wani suna daban. Hukuncin yana bin abin da ke cikin kofin ne.

Wannan ƙa'idar kuma ita ce ke kare mai sayar da kankana a tasha. Akwai masu zafin kai da suka ji an ce koktel giya ne, suka fara hana 'ya'yansu shan duk wani haɗin lemo, har da zargin matan da ke neman na cefane da shi. Wannan zalunci ne. Ita kalmar ta yi rassa a Turanci, har gwangwanin yankakkun 'ya'yan itace a ruwan sukari da ita ake kiran sa, kuma babu ɗigon giya a ciki. Haɗin da aka yi shi da siffar koktel amma babu barasa yana da nasa suna, moktel, kuma shi ne abin da 'yan matanmu ke haɗawa. Idan dole sai an ari kalma, to a ari wadda ta dace. Illar kiran zoɓo koktel ba ta kan zoɓon, tana kan yaron da ya tashi ya san koktel a matsayin lemon biki, ranar da karatu ko neman kuɗi ya kai shi Abuja ko Legas ya ga kalmar a takardar abincin otal ya ce a kawo masa.

Ni dai ban ga abin da ya kai mu aro ba. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman zoɓo a ƙasar nan, ana loda shi daga yankin Gumel da Maigatari har ƙasashen waje. Muna da tsamiya, da goruba, da kuka, da aya, da dabinon Dutse. Wanda ke son ɗanɗanon nan na ganye da ɗan itace ya dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ya tace, ya daddaka na'a-na'a da lemon tsami a kofi, ya zuba a kai da ƙanƙara. Idan yana son ɗan zafin da ke kama maƙogwaro, masoro ko kimba kaɗan sun isa. Abu ɗaya kawai za a kiyaye: duk ruwa mai sukari da aka bari a zafin bazara yana fara canjawa da kansa. Annabi ya sha ruwan da aka jiƙa wa dabino ko zabibi, amma ba ya barin sa ya wuce kwana uku. Zoɓo ko kunun zaƙin da ya fara kumfa, robarsa ta kumbura, warinsa ya sauya, zubar da shi ake yi.

Masu rediyo su ne suka fi kowa iko a wannan magana, domin a ƙauye abin da rediyo ta kira abu shi ne sunansa. Kafin a karɓi tallar wani maganin ganye na ruwa, a juya kwalbar a nemi lamba mai alamar kashi cikin ɗari kusa da haruffan alc ko vol. Idan an gan ta, a faɗa wa masu sauraro da Hausa cewa akwai barasa kashi kaza a ciki, ko kuma a mayar wa mai tallar kuɗinsa.