Me ake nufi da K, L da M a jikin bututun jan ƙarfe?

Haruffan nan da ake bugawa a jikin bututun jan ƙarfe kaurin bangonsa suke nunawa, bisa ma'aunin Amurka. Ƙarfen iri ɗaya ne. A bututu mai rabin inci, kaurin K milimita 1.24 ne, na L 1.02, na M 0.71, amma faɗinsu daga waje duka 15.9 ne, don haka mahaɗi ɗaya ke shiga kowanne. Rubutun K kore ne, na L shuɗi, na M ja.

K ake binnewa a ƙasa. L na cikin gida ne, musamman layin ruwan zafi daga hita zuwa banɗaki. M ya fi araha, kuma nan mutane ke ruɗuwa. Idan ruwan rijiyar burtsatse na da tsami, a hankali yake cin bututun daga ciki har ya yi huji kamar na allura, kuma mai siririn bango ke fara hujewa. Alamarsa tabo kore-kore a bakin famfo, ko damshi a bango. Wanda zai rufe bututu da siminti da tayil, gara ya ciji yatsa ya sayi L, don kuɗin fasa tayil ya ninka rarar da zai yi in ya sayi M.

A Katsina yawancin gidaje roba ake sa wa ruwa, jan ƙarfen da aka fi gani shi ne naɗaɗɗen nan na na'urar sanyaya ɗaki. Shi daga waje ake aunawa, rabin incinsa milimita 12.7 ne, ba zai zauna a mahaɗin famfo ba. Haka mai milimita 15 na ma'aunin Ingila, kaɗan ya rage ya kai na Amurka, amma ruwa zai tsiyaya. A je kasuwa da guntun tsohon bututu a hannu.

Kada a haɗa jan ƙarfe kai tsaye da bututun baƙin ƙarfe, tsatsa za ta cinye baƙin ƙarfen a wurin haɗin. A sa mahaɗin tagulla, wato brass, tsakani. Likin layin ruwan sha kuwa, ban da mai dalma. Kafin a biya kuɗi, a kankare bakin bututun da wuƙa: in fari ya bayyana, alminiyam ne aka yi wa rufi.