Shin ƙuri'a ɗaya ce ta hana Jamusanci zama harshen Amurka?

An daɗe ana yaɗa cewa saura ƙiris Jamusanci ya zama harshen hukuma a Amurka, wai ƙuri'a ɗaya tak ce ta kayar da shi. Ba haka aka yi ba.

A 1794, wasu 'yan asalin Jamus mazauna gundumar Augusta a jihar Virginia suka kai koke majalisar wakilan Amurka. Buƙatarsu ba ta da yawa, kuma a ganina tana kan hanya: a buga dokokin tarayya da Jamusanci, domin wanda bai iya Turanci ba ya san dokar da ta hau kansa. A Janairun 1795 aka kaɗa ƙuri'a kan a ɗage zaman a sake duba batun, mutum 42 suka ƙi, 41 suka yarda. Babu wanda ya ce a ture Turanci. Daga baya aka ɗora laifin faɗuwar batun a kan kakakin majalisar, Frederick Muhlenberg, shi ma jinin Jamusawa.

Abin da ya karya Jamusanci a Amurka shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jaridun Jamusanci da dama suka rufe, kuma a 1919 jihar Nebraska ta haramta koya wa ƙananan yara harsunan waje a makaranta, har sai da Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1923.